Tarihin Amfani da Rini Mai Ƙyalli Wajen Fiɗar Ƙarin Ƙwaƙwalwa

Gabatarwa

Tun daga shekarar 1884, lokacin da Rickman Godlee ya buɗe ƙoƙon kan wani majinyaci a birnin Landan ya cire masa ƙari, likitocin fiɗa suke fama da matsala guda, wato gane iyakar ƙari da lafiyayyen naman ƙwaƙwalwa. Mugun ƙarin da ake kira giliyoma ba shi da baki. Yakan saje da ƙwaƙwalwa har ido ya kasa rarrabewa. In likita ya rage, cutar ta dawo da wuri. In kuwa ya zarce, majinyaci ya rasa magana ko motsin wani sashe na jikinsa. Wannan maƙala za ta bi sawun yadda aka yi amfani da rini domin shata wannan iyaka.

Asalin Dabarar

A shekarar 1885 masanin Jamus Paul Ehrlich ya lura cewa idan aka ɗura wa dabba rini a jini, sassan jikinta sukan rine, amma ban da ƙwaƙwalwa. A 1913 ɗalibinsa Edwin Goldmann ya zuba shuɗin rini cikin ruwan da ke kewaye da ƙwaƙwalwa, sai ita ta rine, sauran jiki bai rine ba. Wannan ya nuna akwai shinge tsakanin jini da ƙwaƙwalwa. Daga baya aka fahimci cewa mugun ƙari yakan rusa shingen a inda ya tsiro, don haka rinin da ya kasa shiga lafiyayyen nama zai iya taruwa a cikinsa.

A kan wannan tunani George Moore na Jami'ar Minnesota a Amurka ya gina aikinsa. A 1948 shi da abokan aikinsa suka bayar da rahoto kan majinyata 46 da aka yi wa allurar fuloresin, rinin da Adolf von Baeyer ya haɗa tun 1871. Da aka haska fitila ta musamman, sai ƙarin ya yi ƙyallin rawaya mai sirkin kore. Sai dai dabarar ba ta yaɗu ba, domin fitilun zamanin ba su da inganci, kuma rinin yakan malala duk inda wuƙa ta raunata nama.

Farfaɗowarta

Na'urorin hoto sun rage wahalar. Hoton CT ya fara aiki a 1971, na MRI ya biyo baya. Amma da zarar an buɗe ƙoƙon kai, ƙwaƙwalwa takan gusa, hoton da aka ɗauka jiya ya daina dacewa da abin da ke gaban likita. Wannan ne ya dawo da hankali kan rini.

A 1998 Walter Stummer na birnin Munich ya gabatar da sinadarin 5-ALA. Majinyaci yakan sha shi kimanin awa uku kafin fiɗa, ƙwayoyin ƙarin su juya shi zuwa wani sinadari da ke ƙyallin ja-ja-ja a ƙarƙashin shuɗin haske. A gwajin da aka buga sakamakonsa a 2006, an cire duk ƙarin da hoto ke nunawa a kashi 65 cikin ɗari na waɗanda suka sha maganin, alhali a ɗaya rukunin kashi 36 ne kawai. Tarayyar Turai ta amince da shi a 2007, Amurka kuwa sai a 2017.

Kammalawa

Rini bai kawar da giliyoma ba, domin ƙwayoyinta sukan kutsa nesa da inda ƙyallin ya tsaya. Abin da ya yi shi ne nuna wa likita iyakar ƙarin a lokacin da wuƙa take hannunsa. Shekara hamsin cif ke tsakanin rahoton Moore da na Stummer, kuma a tsawon wannan lokaci tunanin bai sauya ba. Madubin fiɗa, da fitila, da sinadarin da ya dace su ne aka jira.