Kafin Ka Shiga Gidan Tarihin Sakkwato

'Yan'uwa tsofaffin ɗalibai, ranar da malaminmu ya kai mu gidan tarihi na Waziri Junaidu da ke Sakkwato, ban ƙaru da komai ba. Mun zagaya a gurguje, muka kalli takuba da masu, hankalinmu yana kan abincin rana. Sai da na girma na koma ni kaɗai, sannan na san na yi asara.

Ni ɗan Lahodu ne, kuma bai kamata mutumin yankinmu ya shiga gidan nan kamar baƙo ba. A Wurno Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ya kafa ribaɗi ya zauna, a nan ya rasu a 1837 bayan ya yi shekara 20 yana sarauta, kabarinsa kuma yana nan har yau. Shi ne ya wallafa Infaƙul Maisuri a 1812. A Rabah aka haifi jikan jikokin gidan, Sardauna Ahmadu Bello. Tarihin da aka adana a gidan, namu ne.

Saboda haka shawarata ta farko, a yi karatu kafin a tafi. Wanda ya san cewa ran 15 ga Maris, 1903, da irin waɗannan takuba aka tari bindigogin Turawa a Giginya, ba zai wuce su da sauri ba. Na biyu, a yi sammako, a nemi ma'aikacin gidan ya yi jagora, a riƙe littafi da biro. Na uku, a nemi izini kafin ɗaukar hoto, kada kuma a taɓa tsofaffin takardun Larabci da na ajami, domin gumin hannu yana lalata su. Gara mutum ya tsaya kan abu biyar ya fahimce su, da ya ga ɗari bai riƙe ko ɗaya ba.

Da na dawo gida, na buɗe gafakar kakana don in duba takardunsa. Na tarar gara ta riga ni, sai 'yan guntaye. Ba wanda zai sake sanin abin da ya rubuta.

Wanda duk ke da irin wannan gado a ɗaki, ya duba shi tun yau, ya nemi shawarar masu adana takardu. Mu kuma kai 'ya'yanmu su gani da idonsu, don gani ya kori ji.