Wadda Ta Tsaya da Waɗanda Suka Dawo: Jimiri da Gafara a Koyarwar Kirista

Da safiyar 21 ga Maris 2018 motocin 'yan bindiga suka shigo Dapchi, a jihar Yobe, suka sauke 'yan matan sakandaren da suka kwashe wata guda kafin nan. Cikin 110 da aka tafi da su, biyar sun rasu a hannunsu, aka dawo da sauran ban da ɗaya. Abokan karatunta suka ce an riƙe Leah Sharibu ne saboda an nemi ta bar addininta ta ƙi. Shekarunta 14 a lokacin. Tun daga ranar sunanta ya shiga wa'azi da addu'o'in majami'u, kuma ta cancanci hakan. Sai dai shekara huɗu kafin Dapchi an fitar da wani bidiyo, a watan Mayu na 2014, na 'yan matan Chibok fiye da 100 zaune a ƙasa cikin hijabi, shugaban ƙungiyar Boko Haram yana cewa sun bar addinin iyayensu. Yawancinsu 'ya'yan Ekklesiyar 'Yan'uwa a Nijeriya ne, wato EYN. An sako 21 a Oktoba na 2016, aka sako 82 a Mayu na 2017, wasu kuma suka yi ta fitowa ɗaya-ɗaya daga daji, waɗansu da goyo a baya. Idan Leah ita ce hoton bangaskiya, su kuma hoton mene ne? Ba a cika yin tambayar a fili ba, amma tana nan a kallon da ake yi musu. Abin da nake son kafawa shi ne: koyarwar Kirista, idan aka bi ta daga nassi zuwa hukuncin ikkilisiyar farko, ta ƙi yarda a mai da jimirin wanda ya tsaya sandar dukan wanda ya karaya, kuma ta kai ga wannan matsayi ne bayan gardama mai zafi.

Sai a fara da kalma. A Girkancin Sabon Alkawari kalma guda ce take ɗauke da ma'anar wahalar da ta faɗo wa mutum daga waje da kuma ruɗin da ke jan sa zuwa zunubi daga ciki. Hausa ta raba su. Muna da gwaji ko jarrabawa, muna kuma da jaraba, wadda a kunnen Bahaushe ta fi karkata ga kwaɗayi da son zuciya, har mukan kira mutum jarababbe. Wasiƙar Yakubu, a sura ta farko, ta yi amfani da fuskokin biyu kusa da juna: ta yaba wa mai jure gwaji, nan take kuma ta ce sha'awar mutum ce ke jan sa ga zunubi. Mai wa'azin da ya ce yarinyar da aka ɗora wa wuƙa a wuya ta faɗa cikin jaraba ya riga ya yanke mata hukunci da zaɓin kalma kawai, domin mai sauraro zai ji kamar wani abu ta gani ta yi kwaɗayinsa. Tsoron mutuwa daban, son zuciya daban.

Shaida mafi nauyi ita ce Bitrus. Linjila huɗu duka sun kawo labarin musunsa, abin da ba su yi wa yawancin mu'ujizai ba. Dare ne mai sanyi a farfajiyar gidan babban firist, an hura wutar gawayi, barori da dogarai suna jin ɗumi, Bitrus ya kutsa cikinsu. Baranya ce ta fara ɗago shi, daga baya karin harshensa na mutanen Galili ya tona shi. Ya yi musu sau uku, har da rantsuwa, zakara ya yi cara, ya fita yana kuka. A lura, babu wanda ya zare masa takobi. Maganar baranya kaɗai ta kayar da shi. Luka, a sura ta 22, ya ƙara abin da ya fi muhimmanci ga batunmu: tun kafin faɗuwar Yesu ya gaya masa cewa Shaiɗan ya nemi ya sheƙe almajiran kamar alkama, cewa ya yi masa addu'a kada bangaskiyarsa ta ƙare, kuma in ya juyo ya ƙarfafa 'yan'uwansa. Ke nan ko dai addu'ar ba ta karɓu ba, abin da ba Kiristan da zai faɗa, ko kuwa harshe yana iya karaya bangaskiya tana nan da sauran rai. Yahaya, a sura ta 21, ya rufe labarin a bakin tekun Tibariya, gefen wata wutar gawayin: tambaya uku a kan ƙauna, daidai da musu uku, sannan aka danƙa masa kiwon garken. Abin da ya raba shi da Yahuza shi ne inda kowannensu ya kai nadamarsa.

Ikkilisiya ta gamu da wannan tambaya gaba da gaba a shekara ta 250, lokacin da Sarkin Rum Desiyus ya umarci kowa a daular ya miƙa hadaya ga gumaka a gaban kwamiti, a ba shi takardar shaida. An tono irin takardun nan fiye da 40 a ƙasar Masar, gajeru ne kamar rasit: sunan mutum da garinsa, bayanin cewa ya zuba abin sha ya ɗanɗana naman hadaya, sa hannun shaidu, sai kwanan wata. Kiristoci da yawa suka miƙa wuya. Wasu suka yi hadayar, wasu suka sayi takardar ta bayan fage ba tare da sun je gaban gunki ba, wasu suka gudu, wasu suka mutu a kurkuku kamar Fabiyan, bishop na Roma. Da ƙura ta lafa sai waɗanda suka faɗi suka taru a ƙofar majami'a. A Kartaj, cikin Tunisiya ta yau, wasu da suka sha ɗauri suka tsira suka shiga rabon takardun yafiya ga duk wanda ya roƙa, ba bincike ba horo. A Roma kuwa wani malami mai zurfin ilimi, Nobatiyan, ya ce wanda ya yi musun Almasihu ba ya komawa jibin Ubangiji har mutuwa, lamarinsa sai Allah, ya kuma ɓalle ya kafa tasa ƙungiyar. Sifiriyan, bishop na Kartaj, ya tsaya tsakani. Majalisar da ya jagoranta a 251 ta ce a duba kowa da halinsa: mai sayen takarda a karɓe shi bayan tuba, wanda ya yi hadaya ya zauna cikin horo, a maido shi in ajali ya matso. Ba a jima ba, da aka hangi wani tsananin na tafe, majalisa ta sake zama ta buɗe ƙofa ga dukan masu tuba, bisa hujjar cewa ba a tura soja fagen fama da yunwa. A 325 majalisar Nikiya ta ɗaure maganar: malamin ɓangaren Nobatiyan da ke son dawowa sai ya yi alkawari a rubuce cewa zai yi tarayya da waɗanda suka taɓa faɗuwa.

Mai ja da wannan magana yana da nassi a hannunsa, kuma bai kamata a raina shi ba. Matiyu 10 ya yi gargaɗi cewa wanda ya yi musun Almasihu a gaban mutane, shi ma za a yi musunsa. Ibraniyawa 6 ta yi magana mai firgitarwa a kan waɗanda suka ɗanɗana haske suka bauɗe. Waɗannan su ne ayoyin Nobatiyan. Amsar ita ce Matiyun da ya rubuta gargaɗin shi ne ya rubuta musun Bitrus a sura ta 26, kuma ya san sarai cewa Bitrus ya zama ginshiƙin ikkilisiya. Marubuci ba zai kafa doka sannan ya kawo babban misalin da ya rushe ta bai lura ba. Dole musun da ake nufi ya zama wanda mutum ya zauna a kansa, ya mai da shi matsayarsa ta ƙarshe. Ibraniyawa ma ta bayyana wanda take nufi a sura ta 10, inda ta yi maganar mai ci gaba da zunubi da gangan. A Matiyu 10 kuma aka ba almajirai izinin gudu zuwa wani gari in an tsananta musu. Labarin shahadar Folikaf na Simirna, tun ƙarni na 2, ya ambaci wani Kwintus da ya kai kansa ga hukuma don neman shahada, da ya ga namun dajin da za a jefa shi gare su sai ya janye, kuma marubutan suka ce ba sa yabon masu kai kansu.

Ja na biyu ya fi na farko kaifi. Bulus ya rubuta wa Korintiyawa cewa Allah ba zai bari a gwada mutum fiye da ƙarfinsa ba, zai kuma buɗe masa mafita. To, in haka ne, wadda ta karaya ai ita ta ƙi bin mafitar. Amma a duba wa ake yi wa maganar. Masu bi ne da ke zaune lafiya a birnin kasuwanci, ana gayyatarsu walima a gidan gunki, suna taƙamar cewa iliminsu ya fi ƙarfin ruɗi. Ayar da ta gabata gargaɗi ce ga mai ganin ya tsaya da ƙafarsa, kada ya faɗi. Wato ga irinmu aka aiko ta, masu auna bangaskiyar wasu daga kan kujera. Ɗaukar alkawarin da aka yi don ƙarfafa zuciya a mai da shi takardar tuhumar yarinyar da ta kwana shekaru a dajin Sambisa juya nassi ne a kan kansa.

Akwai kuma tsoron cewa sauƙin dawowa zai arahantar da jinin shahidai. In kowa ya san ƙofa a buɗe take, wa zai tsaya? Mutum ya tuna Rabaran Lawan Andimi na Michika, faston EYN, wanda aka sace a farkon Janairun 2020, ya bayyana a bidiyo cikin natsuwa yana miƙa lamarinsa ga Allah, aka kashe shi ranar 20 ga watan. Shin ba cin fuskarsa ba ne a zaunar da wanda ya ja da baya a teburi ɗaya da iyalinsa? Tarihi bai goyi bayan wannan tsoro ba. Sifiriyan, wanda shi kansa ya ɓuya a zamanin Desiyus aka yi ta yi masa gori, wanda kuma ya buɗe wa masu tuba ƙofa, an fille masa kai a 258 saboda ya ƙi yin hadaya. Ikkilisiyar da ta yafe ba ta rasa masu tsayawa ba. Ta ɓangaren tauhidi ma tsoron ya ginu a kan kuskure, domin yana ɗaukar jimiri kamar jarumtar da mutum ya ƙera da hannunsa. Agustin na Hifo, a Aljeriya ta yau, ya rubuta littafi guda a ƙarshen rayuwarsa don nuna cewa jimiri har ƙarshe baiwa ce daga Allah. Wanda aka ba kyauta ba shi da bakin yi wa wanda bai samu ba gori.

Ja na ƙarshe daga ɗaya gefen yake fitowa, kuma shi ne ya fi kusa da gaskiya: me ya kawo maganar gafara ma tukuna? Gafara sai da laifi, to wane laifi yarinyar da aka sace daga ɗakin kwanan makaranta ta yi? A nan ma magabata sun riga mu. Majalisar Ankira, Ankara ta yau, a 314 ta ware waɗanda aka kama da ƙarfi, aka cusa musu turare a hannu ko naman hadaya a baki, ta ce ba su da laifi, kada a hana su jibi, in ma an hana su a maido su nan take. Maƙwabtanmu Musulmi sun san wannan ƙa'ida daga labarin Ammar ɗan Yasir, wanda azabar Kuraishawa ta sa ya furta abin da ba ya zuciyarsa, kuma aya ta 106 a Suratun Nahli ta ɗauke laifi daga wanda aka tilasta. Addinin da masu satar suka fake da shi ma bai yarda da tilas a kan imani ba. Saboda haka furucin da aka karɓa da bakin bindiga ba shi da nauyi a kowane ma'auni cikin biyun. Abin da ya rage shi ne nauyin da yarinyar take ji a ranta, wanda sau da yawa ya fi abin da ta aikata girma, da kuma bakin mutane. Wani rahoto na UNICEF da International Alert a 2016 ya nuna yadda ake kiran matan da suka kuɓuta matan Boko Haram, har da annoba, ana kuma ƙyamar 'ya'yansu. Wannan ƙyama ba ta tsaya a addini ɗaya ba. In akwai mai bukatar tuba a wannan labari, a fara nemansa cikin masu nuna yatsa.

Hakan bai rage wa Leah komai ba. Ikkilisiyar farko ta riƙe ranakun shahidanta tana tunawa da su kowace shekara, a lokaci guda tana karɓar waɗanda suka dawo, ba ta ga saɓani ba. Haka kuma wadda ta girma a tsare, ta fito, ta ce da hankalinta ta zaɓi zama a Musulunci, ba wanda yake da ikon yi mata tilas na biyu. Wanda ya yi tir da tilas a daji bai kamata ya yi shi a gida ba.

Magana ta koma hannun fastoci da dattawan ikkilisiya da shugabannin zumuntar mata, tun da su ne masu cewa wa zai zauna a bencin baya na masu horo, wa zai matso teburin jibi. Yarinyar da ta dawo daga hannun masu garkuwa ba wurinta ba ne bencin nan. A maida sunanta cikin littafin 'yan jibi ranar da ta nema, a karɓi ɗan da ta goyo a sa masa albarka a gaban jama'a kamar kowane ɗa, kuma mai wa'azin da zai ambaci Leah ranar Lahadi ya duba ko cikin masu sauraronsa akwai wadda ta kwana a Sambisa.