Baƙon da Ya Mamaye Tukunyar Minna

Wanda ya ga tulin attarugu da tattasai a Kasuwar Kure ta Minna zai rantse da su aka halicci ƙasar nan. Alhali barkono baƙo ne. Asalinsa nahiyar Amurka, inda mutanen Meziko suka yi dubban shekaru suna nomansa. Sai bayan tafiyar Kolombus ta 1492 jiragen ruwan Turawan Fotugal suka kawo irinsa gaɓar Afirka ta Yamma, daga nan fatake suka hauro da shi arewa.

Kafin zuwansa ma girkin kakanninmu ba lami ba ne. Akwai masoro da kimba da citta, duk suna ɗumama miya da kunu, kuma har yau ba a daka yajin jego ba tare da su ba.

Jirgin ƙasa ne ya raya Minna, ya kuma cakuɗa girkinta. Layin dogo da ya taso daga Baro ya ratsa ƙasar Gwari ya isa Kano a 1911, na Legas kuma ya zo ya haɗe da shi a nan. Ma'aikata da 'yan kasuwa suka yi ta sauka. Mahauta Hausawa suka kafa tukubar tsire da yajin ƙuli-ƙuli, Yarbawa suka zo da jar miyarsu mai sa hawaye, Nufawa da kifi da shinkafa. Ko da garin ya zama babban birnin Jihar Neja a 1976, kowa ya ɗanɗani tukunyar maƙwabcinsa.

To, me ke faruwa a jiki idan an ci barkono? Barkono na ɗauke da sinadarin kafsaisin, wanda ke tsokanar jijiyoyin da ke sanar da ƙwaƙwalwa cewa wuta ta taɓa mutum. Harshe bai ƙone ba, amma jiki ya yarda an ƙona shi: sai gumi ya keto, hanci ya fara zuba, zuciya ta ƙara bugu. David Julius da abokan aikinsa ne suka gano wannan a 1997, ya kuma samu kyautar Nobel a 2021. Ruwa ba ya wanke sinadarin. Nono ko madara ne ke kwantar da raɗaɗin.

An daɗe ana ɗora wa yaji laifin gyambon ciki, har sai da likitoci biyu 'yan Ostareliya, Barry Marshall da Robin Warren, suka nuna a farkon shekarun 1980 cewa wata ƙwayar cuta ce ke haddasa yawancinsa. Sai dai mai gyambon da mai ƙwannafi, yaji na iya tsananta musu ciwo, shi ya sa likita ke cewa su rage.

Haɗarin da ya fi ɓuya yana wajen ajiya. Barkono ko gyaɗar da ba su bushe sosai ba kan yi fumfuna, wadda gubarta ke lalata hanta, kuma daka ko suya ba sa kawar da ita.