Raƙuman Iska na Biyu: Tarihin Gano Su

Raƙuman iska na biyu su ne waɗanda ke tashi a can ƙololuwar sama, daidai inda raƙuman da suka taso daga ƙasa suka karye. Iska ma tana yin raƙumi kamar ruwan kogi. Idan ta haura dutse, ko hadarin damina ya tunkuɗa ta sama, nauyinta sai ya dawo da ita, ta zarce ƙasa, ta sake tasowa, lilon ya bazu. Ba su ne raƙuman da Einstein ya yi hasashensu ba, suna ne kawai ya yi kama.

Tun 1933 matuƙa jiragen da ba su da inji a Jamus suka lura cewa iskar bayan duwatsu tana ɗaga su sama sosai. A 1960 kuma Colin Hines, masani ɗan Kanada, ya nuna cewa irin waɗannan raƙuma ne ke girgiza ayonosfiya, sashen da ke dawo da muryar rediyo mai gajeren zango. Dalilin kuwa shi ne iska tana raguwa da kusan rabi a kowane kilomita 5 da aka hau, don haka raƙumin da bai taka kara ya karya ba a ƙasa yakan yi ta girma har ya kasa ɗaukar kansa, ya kife. A 1981 Richard Lindzen ya lissafa yadda wannan kifewa ke taka wa iskar sama birki, abin da ya fayyace wani abin mamaki: a tsayin kilomita 85 zuwa 90 a saman ƙarshen duniya, an fi sanyi a lokacin zafi, har yakan wuce awo 130 ƙasa da sifili.

Shekaru da dama an ɗauka nan labarin ya ƙare, raƙumi ya karye, ya mutu. Manhajojin hasashen yanayi ma haka aka gina su. Wannan zato ya jinkirta fannin ƙwarai, domin karyewar ba shimfiɗe take ba. Tana faruwa ne a ƙunci, nan da can, lokaci zuwa lokaci. Xun Zhu da James Holton sun taɓo batun raƙuman da irin wannan karyewa ke haifarwa a 1987, Takehiko Satomura da Kaoru Sato na Japan suka gan su a kwamfuta a 1999. Amma aikin da ya kafa ginshiƙi shi ne na Sharon Vadas da David Fritts da Joan Alexander a 2003, a Amurka. Suka nuna cewa raƙumin da ya karye yana sauke ƙarfinsa a wuri guda, ya hankaɗe iskar wurin kamar yadda matuƙin kwalekwale ke hankaɗe ruwa da filafili. Iskar da aka ture ba ta zama haka. Garin neman daidaito sai ta fitar da sababbin raƙuma, wasu su yi sama, wasu su yi ƙasa, wasu gaba, wasu baya. ’Ya’yan nan sukan fi uwar faɗi da gudu, shi ya sa suke ratsa iskokin da ke tare uwar, su kai ɗaruruwan kilomita sama.

Lissafi daban, gani da ido daban. A ƙarshen 2010 ayarin Xinzhao Chu suka fara harba hasken leza sama daga tashar McMurdo a Antatika, suna ganin raƙuma masu tsawon awa 3 zuwa 10 da ba sa ɗaukewa, ba a kuma san mafarinsu ba. A 2018 Vadas da Erich Becker suka danganta su da raƙuman duwatsu da suka karye a ƙasa da su, aka kuma ga zane mai kamar ƙayar kifi a bayanan lezar: layuka na fita sama da ƙasa daga tsayi ɗaya, shaidar cewa nan aka haife su. Binciken DEEPWAVE da aka yi da jiragen sama a Niyu Zilan a 2014 ya kama irinsu a saman tsaunuka. A 2019 aka nuna cewa a saman kudancin tsaunukan Andes na biyun ma suna karyewa su haifi na uku, wato jikoki.

Abin ya shafi duk mai dogaro da GPS, domin siginarsa ta cikin ayonosfiyar da raƙuman ke girgizawa take bi. A Nuwamban 2023 hukumar NASA ta kai na’urar AWE tashar sararin samaniya ta ƙasa da ƙasa, don ta riƙa leƙen waɗannan raƙuma cikin hasken da iska ke fitarwa da dare a tsayin kilomita 87.