Daga Mazari Zuwa Kwarashi: Tarihin Zare a Arewacin Zazzau

Maƙasudin wannan lacca shi ne a bi diddigin wata sana'a ta mata wadda littattafan tarihi ba su cika kulawa da ita ba, watau sana'ar zare, a ƙasashen Ikara da Maƙarfi da Kudan. Wanda ya shiga gidajen waɗannan garuruwa da kaka, kafin hunturu ya sauko, zai iya tarar da mace zaune a inuwar ɗaki da dunƙulen ulu a cinya, tana saƙa hula ko safa ko rigar sanyi ta jariri da kwarashi. Kakar wannan mace, ko uwar kakarta, a irin wannan wuri take zama, a irin wannan lokaci na shekara, amma da mazari da alli. Abin da ya bambanta su ya wuce kayan aiki. Ta dā ita ke yin zaren da kanta, daga audugar da aka noma a bayan gari. Ta yanzu kuwa sayen zaren take yi, kuma ba ta da ta cewa game da inda aka yi shi ko nawa za a sayar mata.

Da farko ya kamata a kawar da wani ruɗani game da kalmar ulu. Tumakin ƙasar Hausa, ko 'yankasa ko uda ko balami, gashi ne a jikinsu gajere mai kaushi, wanda ba ya kaɗuwa. Saboda haka Bahaushe bai gaji kaɗin ulu ba. Kayan ulu da aka sani a dā, irin su jauha da mulufi, fatake ne ke kawo su ta hamada daga Tarabulus, kuma sai a jikin sarakuna da attajirai da dawakinsu ake ganinsu. Zaren talaka, da ma na sarki in an bi asali, na auduga ne.

Arewacin Zazzau kuwa ƙasar auduga ce tun kafin Jihadi. A ƙarni na 19 yankin ya zama wani ɓangare na babban fagen saƙa da rini wanda ya taso daga kudancin Kano, ta Kura da Ƙaraye da Bebeji, ya ratso cikin garuruwa irin su Kudan da Hunƙuyi da Maƙarfi. Iyakar da ke tsakanin masarautun biyu ba ta hana auduga da zare da baba zirga-zirga ba. Sa'ad da Heinrich Barth ya sauka Kano cikin 1851, ya kimanta cewa tufafin da birnin ke fitarwa a shekara sun kai na wuri miliyan 300 a ƙalla. Masu karanta wannan adadi sukan tuna da attajiran Kasuwar Kurmi da marinan Kura. Ba safai sukan tuna cewa kowane taƙi na waɗannan tufafi sai da ya bi ta tsakanin yatsun wata mace ba, domin babu wata hanyar yin zare a lokacin sai mazari, kuma masaƙi guda yakan cinye zaren mata da yawa.

Aikin yana tafiya ne da shekara. Manomi ba ya shuka auduga sai ya ga gero da dawa sun tashi, don haka shukarta takan kai tsakiyar damina. Tana fashewa bayan ɗaukewar ruwa, a yi ta tsinka daga kaka har cikin hunturu, kuma mata da yara ne suka fi yin tsinkar. Daga nan aiki ya koma cikin gida. Sai an gurza ta tukuna, watau a ɗora ta bisa magurji a murza da ɗan sandan ƙarfe har gurya ta fita, kuma gurya ita ce wajen kashi biyu cikin uku na nauyin audugar. Sa'an nan a shiɓe ta da baka har ta yi laushi ta tashi, a naɗe ta sutu-sutu. Sai kaɗi. Mai kaɗi takan riƙe sutu a hagu, ta murza mazari da dama, gululun yumɓu da ke gindinsa yana ba shi nauyin juyawa, tana shafa alli a yatsu don kada gumi ya hana su kamawa. Zare iri biyu take fitarwa: siriri mai murɗi sosai wanda masaƙi zai yi wadari da shi, da abawa mai kauri da taushi wadda ƙoshiya ke ɗauka. Siririn ya fi wuya kuma ya fi tsada, kuma da shi ake sanin gwana. Rani dai shi ne babban lokacin kaɗi, kamar yadda shi ne lokacin saƙa ga maza, tun da babu aikin gona.

Muhimmin abu a nan shi ne kuɗin zaren na mai kaɗin ne. A shari'a da al'ada ci da sha da sutura suna wuyan miji, abin da mace ta samu da hannunta kuwa nata ne. Da shi take zubin adashi, take yin biki ga ƙawayenta, take tara wa 'yarta tasoshi da ƙore na kayan ɗaki. Kulle bai hana wannan ciniki ba, gama 'yan mata da tsofaffi da dillalai su ke kai zaren kasuwa. Har miji ma, in masaƙi ne, yakan sayi zare daga hannun matarsa. Baba ta Karo, wadda ta girma a yankin Zarewa, can tsallaken iyakar Kano, kuma ta ba Mary Smith labarin rayuwarta a Giwa cikin 1949 da 1950, ta bayyana irin wannan zama dalla-dalla. Mijin Mary, M. G. Smith, wanda ya binciki tattalin arzikin ƙauyukan Zazzau a waɗannan shekaru, ya tarar da kaɗi ya game gidaje, ko da yake abin da ake samu a cikinsa kaɗan ne ƙwarai idan aka auna da lokacin da yake ci.

Bai dace kuma a yi wa wancan zamani ado fiye da kima ba. Audugar da yawa a rinji aka noma ta, da gumin bayi, kuma kuyangi sun yi kaɗin da ba su ga kuɗinsa ba. Sarauta ma tana da rabonta, ta kuɗin galma a kan manoma da kuɗin karofi a kan marina.

Turawan Ingila sun shigo da wata bukata dabam. Yaƙin basasar Amurka na 1861 zuwa 1865 ya taɓa yanke wa masaƙun Lankasha auduga, har dubban ma'aikata suka zauna ba aiki, kuma masu masaƙun ba su manta ba. Cikin 1902, shekarar da sojan Lugga suka kafa sansani a Zariya, aka kafa ƙungiyar BCGA a Mancesta don neman auduga daga ƙasashen da Ingila ke mulka. Wannan ita ce jama'a suka riƙa kira Bisije. Hanyar jirgin ƙasa daga Baro ta iso Kano cikin 1911, ta ratsa wannan yanki ta Likoro da Gimi, kuma babbar hujjar gina ta ita ce auduga. Aka kafa injin gurza a Zariya, aka zauna jiran kaya.

Kayan ba su zo kamar yadda aka zata ba. Kamfanin ya sa farashin kwabo guda a kan kowace laba ta audugar da ba a gurza ba, alhali kuwa masu saye don kaɗi da saƙar gida suna biyan fiye da haka. Manomi ba ya bukatar Razdan ya gaya masa inda riba take. A ƙasar Kano manoma suka karkata ga gyaɗa tun daga 1912, audugar Zazzau kuwa ta ci gaba da bin jakuna zuwa kasuwannin Kano. In an duba da kyau, waɗanda suka fi ƙarfin Mancesta a ciniki a waɗannan shekaru su ne matan da ke zaune cikin kulle da mazari, domin bukatarsu ce ta riƙe farashin. Rahotannin Turawa sun yi ta kukan gasar da kasuwar gida ke yi musu, amma da wuya su ambaci mace.

Da ciniki ya ƙi, sai aka koma ga iri da doka. Cikin 1912 ma'aikatar gona ta shigo da irin audugar Amurka mai dogon gashi da ake kira Allen, aka jarraba shi a gonar gwaji ta Maigana, daga baya aikin ya koma Samaru, wadda aka buɗe cikin 1922. Aka riƙa raba gurya kyauta ta hannun hakimai da dagatai. Sannu a hankali aka hana shuka irin gargajiya a yankunan da aka keɓe, aka ƙayyade kasuwannin da za a sayar da auduga da ranakun buɗe su, aka sa malamai masu duba ta su ba ta lamba, aka kuma wajabta tuge karan auduga a ƙone bayan tsinka saboda tsutsa. Wasu daga cikin waɗannan dokoki suna da hujja ta ilmin noma, ba a musun haka. Amma ga abin da suka yi wa gida: a dā guryar shuka daga magurjin mace take fitowa, ita ke ajiye ta, ta ba maigida, ta ba awaki saura. Yanzu auduga ta tafi inji da guryarta, iri kuma sai wanda hukuma ta bayar. Haraji kuma da tsabar kuɗi ake biya, kuma lokacin karɓarsa ya yi daidai da buɗe kasuwar auduga. Daga 1949 hukumar ciniki ce ke yanke farashi, ta auduga da farko, sa'an nan ta Jihar Arewa daga 1954.

Duk da haka mazari bai faɗi nan da nan ba. Mata sun ci gaba da keɓe rabonsu daga gona, kuma a lokacin Yaƙin Duniya na Biyu, da yadin Turai ya yi wuya, saƙar gida ta sake samun kasuwa. Abin da ya karya kaɗi daga ƙarshe na gida ne. An buɗe masaƙar Kaduna Textiles cikin 1957, Arewa Textiles da UNTL suka biyo baya a tsakiyar shekarun 1960. Zaren inji ya shigo kasuwa, mai araha, mai kauri ɗaya daga farko har ƙarshe, kuma masaƙan ƙauye da kansu suka fi son sa don ba ya yawan tsinkewa a wadari. Akoko da atamfa suka ture fari da saƙi. Yarinyar da a dā za ta zauna kusa da uwarta ta koyi murza mazari, yanzu tana talla ko tana makaranta, uwar kuma ta ga dafa abincin sayarwa da ƙuliƙuli sun fi kawo kuɗi. Ba wanda ya kafa dokar hana kaɗi, sai dai ya koma aikin tsofaffi, ya riƙa raguwa da rasuwarsu.

Masu mulkin Jihar Arewa sun ɗauki wannan a matsayin ci gaba, kuma suna da gaskiyarsu, tun da audugar Zazzau yanzu a Kaduna ake saƙa ta ba a Lankasha ba, dubban 'yan Arewa kuma sun sami aiki a Kakuri. Sai dai aikin ya tashi daga hannun matan ƙauye ya koma hannun mazan birni, ba a kuwa yi wani tanadi don matan ba. Shi ma sabon tsarin bai daɗe ba. Farin 1972 zuwa 1974 da kuɗin man fetur sun raunana noman auduga, manoman Maƙarfi da Kudan suka fi ba da ƙarfi ga rake da masara, na Ikara ga tumatir da masara. An rushe Hukumar Auduga cikin 1986 a ƙarƙashin shirin gyaran tattalin arziki na SAP. Kaduna Textiles ta rufe cikin 2002, UNTL ta tsai da aiki cikin 2007, yadin fasa-ƙwauri daga Asiya ya cika kasuwa.

A cikin wannan giɓi ne saƙar ulu ta sami wurin zama. Ta shigo ne ta makarantun 'yan mata, inda ake koyar da ita a darasin kula da gida, da azuzuwan matan aure, daga baya kuma cibiyoyin koyon sana'a na ƙananan hukumomi suka yaɗa ta, musamman bayan da Maryam Babangida ta kafa shirin kyautata rayuwar matan karkara cikin 1987. Ta karɓu da sauri domin ta dace da zaman da kaɗi ya bari. Aiki ne da ake yi a zaune cikin gida, a ajiye shi in yaro ya yi kuka ko tukunya ta tafasa, a ɗauka bayan la'asar ana hira. Jarinsa kaɗan ne, kwarashi ko allura biyu da ɗan ulu. Tana da lokacinta, gama kasuwarta daga watan Nuwamba ne zuwa Fabrairu, sa'ad da iskar hunturu ke kaɗawa, mai hankali kuwa tun ƙarshen damina take fara tara kaya. Tana kuma shiga zumunci kamar yadda zare ya shiga, domin hula da safa da mayafin jariri sun zama kayan barka da na suna, wasu matan ma ba don sayarwa suke yi ba, sai don jikoki da 'ya'yan maƙwabta. Kuɗin da aka samu har yanzu na mai saƙar ne, kuma har yanzu adashi da kayan ɗaki ke cinye shi.

Abin da ba ta gada ba shi ne zaren. Ulun da ake sayarwa a Kasuwar Sabon Gari ta Zariya da kasuwannin Kano, mafi yawansa ba gashin tunkiya ba ne, zaren roba ne da ake yi daga sinadaran man fetur, kuma farashinsa yana bin darajar naira. Idan naira ta faɗi, kamar yadda ta yi cikin 2016 da 2023, dunƙulen ulu ya tashi, amma mai saƙa ba ta iya ƙara kuɗin hula yadda ya kamata, domin a gefenta akwai mai gwanjo da tulin rigunan sanyi na Turai a farashin da bai kai na ulun kaɗai ba. Kakarta tana da gonar auduga a bayan gari da gurya a cikin tukunya, kuma in farashin Bisije bai yi mata ba tana iya riƙe audugarta ta kaɗa. Ita kuwa sai ta jira mai mota ya dawo daga Zariya ta ji nawa aka sayar yau.