Yadda leda ta taso daga ɗakin gwaji har ta kai teku

A watan Agustan 2025 aka tashi baram-baram daga taron Geneva, inda wakilan ƙasashen duniya suka kwashe kwanaki suna neman yarjejeniyar da za ta magance sharar roba. Haka aka yi a Busan ta Koriya ta Kudu a ƙarshen 2024. Abin da ya raba su guda ne: wasu na son a ƙayyade yawan robar da ake ƙerawa, su kuwa masu arzikin man fetur irin su Saudiyya da Rasha da Iran suka ce a tsaya ga maganar kwashe shara kawai. Wannan jayayya ta girmi mafi yawan waɗanda suka zauna a zauren.

Farkon labarin ba shi da tsawo. A 1907 Leo Baekeland ya haɗa robar farko da babu ɗanyen itace ko na dabba a cikinta. A 1933 kuma ma'aikatan kamfanin ICI a Ingila suka ci karo da sinadarin da ake leda da shi, bisa tsautsayin gwaji. Yaƙin duniya na biyu ya yi amfani da shi wajen naɗe wayoyin na'urar hango jirage. Da yaƙi ya ƙare, masana'antun suka rasa soja mai saye, sai suka juyo kan uwar gida. A 1950 robar da duniya ta ƙera ba ta wuce tan miliyan 2 ba. Yau ta haura tan miliyan 400 a shekara.

Ledar cefane da muka sani, mai hannu biyu, aikin wani injiniya ne ɗan Suwidin, Sten Gustaf Thulin, kamfanin Celloplast kuma ya yi mata rajista a 1965. Abin mamaki, da niyyar ceton itatuwa ya yi ta, don a rage sare su ana jakar takarda, kuma iyalinsa sun ce shi kansa da guda ɗaya yake yawo a aljihu, yana maimaita ta. Kasuwa ba ta bi shi a nan ba. Ribar leda tana cikin a yar da ita a sayi wata. A 1982 manyan kantunan Amurka, Safeway da Kroger, suka koma amfani da ita, sauran duniya ta bi sahu.

A nan ne nake raba gari da masu cewa ƙazantar mutane ce tushen matsalar. Mutane ba su sauya hali dare ɗaya ba. Kakanninmu ma suna yar da abin da suka naɗe abinci da shi, sai dai ganye ne, ko takardar siminti ta mai tsire, kuma damina ɗaya ta isa ta cinye su. Cefane kuwa a kwando ko ƙwarya ake zubawa. Abin da ya sauya shi ne kayan. Ita kanta wannan magana ta ɗora laifi a kan mai yarwa tana da iyaye: ƙungiyar Keep America Beautiful, wadda kamfanonin lemo da gwangwani suna cikin waɗanda suka kafa ta a 1953, ita ta yi ta yayata ta.

Masu cewa a narke a sake ƙerawa ma lissafi bai goyi bayansu ba. Binciken Roland Geyer da abokan aikinsa na 2017 ya nuna an ƙera roba tan biliyan 8.3 tun daga 1950, kuma cikin wadda ta zama shara kashi 9 cikin ɗari kaɗai aka sake sarrafawa. Tambayi ɗan jari-bola: zai ɗauki gorar ruwa, ya tsallake baƙar leda, don ba ta da nauyin da zai kawo kuɗi a kan sikeli.

Teku kuwa an daɗe da sanin halin da take ciki. Tun 1972 Edward Carpenter ya ba da rahoton ɓurɓushin roba a tekun Sargasso, ba a kula ba. Sai a 1997, da Charles Moore ya ratsa arewacin tekun Fasifik a jirgin ruwansa yana dawowa daga Hawaii, ya yi ta ganin tarkace kwana da kwanaki, sannan kunnuwa suka buɗe. A 2015 Jenna Jambeck ta ƙiyasta cewa tan miliyan 4.8 zuwa 12.7 ne suka shiga teku a 2010 kaɗai, ta kuma sa Najeriya ta tara a jerin ƙasashen da suka fi zubar da sharar roba.

Wani zai ce ina ruwan mutumin Arewa da teku. Ledar Kano dai kogin Haɗeja take bi ta nufi tafkin Chadi, idan ba ta toshe kwata ko ta ƙare a tumbin akuya ba. Amma ta Kaduna da Sakkwato da Yola da Yamai, ruwa na iya jan ta zuwa kogin Kwara, ta wuce Lakwaja, ta faɗa tekun Atilantika. Kaso mai yawa kuma ledar fiya wata ce, wadda ta bazu a shekarun 1990 daidai lokacin da famfunan birane suka ƙafe. Wanda bai da ruwan famfo ba zai bar ta don wa'azi ba.

Bangaladash ta hana siririyar leda a 2002 bayan ta toshe magudanai lokacin ambaliya. Ruwanda ta bi a 2008, Kenya a 2017 da hukunci mai tsanani, kuma an ga bambanci a titunansu. Nijar ta yi tata dokar a 2014, amma duk wanda ya shiga kasuwar Maraɗi ya san leda na nan daram. Legas ta hana robar zuba abinci mai kumfa a Janairun 2024. Inda doka ta yi aiki, mai ƙerawa da mai shigo da kaya ta fara kamawa, ba mai sayar da tumatir ba.