Makon Jego a Zangon Wagadugu

Fataken goro ne suka kafa zangon Hausawa a Wagadugu. Tun kafin sojan Faransa su shiga garin a 1896, ayarin jakuna daga Kano da Katsina kan ratsa ƙasar Moshi zuwa Salaga ɗauke da kanwa da rinannun tufafi, su komo da goro. Wasu da suka ya da zango ba su ƙara tashi ba. Suka yi aure, suka gina masallatai da makarantun allo a ƙarƙashin Moro Naba, sarkin Moshi, har unguwarsu ta Zangouettin ta zama wani ƙaramin garin Hausa a tsakiyar birni, tsakanin babbar kasuwa da filin jirgin sama. Matan da suka biyo ayari sun zo da abin da ba a ɗaure shi a mangala: al'adar jego.

Da zarar mace ta sauka, gida ya koma hannun tsofaffi. Ungozoma ta yanke cibi, kaka ta ɗora tukunya. Safe da yamma a tafasa ruwa, a tsoma ganye a riƙa fyaɗa wa mai jego, har kwana arba'in. A dama mata kunun kanwa, a dafa ƙauri, a hana ta ɗaukar ko tsintsiya. Mai haihuwar fari kuwa gidan iyayenta ake mayar da ita goyon ciki. Wannan gata ne na gaske, domin macen da ta huta ta ƙoshi, ga mai kula da ita dare da rana, ita ce ke samun sukunin shayarwa. Likitocin Jami'ar Ahmadu Bello da ke Zariya sun nuna tun shekarun 1970 cewa yawan kanwa da tsananin zafi na iya raunana zuciyar mai jego, amma hutun da kulawar ba wanda ya kushe su.

Inda al'adar ta yi tuntuɓe shi ne kwana bakwai na kafin suna. A gidaje da yawa ana ɗaukar dakashi, nonon farko mai kauri da launin rawaya, a matsayin gurɓataccen nono. Sai a tatse shi a zubar, a riƙe jariri da ruwan ɗumi ko madarar akuya ko dauri har farin nono ya kawo. Shi kuma jaririn yana can ƙuryar ɗaki, a naɗe cikin zannuwa, an saki labule saboda iska da bakin mutane. Zannuwan nan galibi daga akwati aka fito da su, suna ƙamshin kafur.

A daidai wannan makon ciwon shawara ke bayyana. Jariri yakan zo duniya da jajayen ƙwayoyin jini fiye da bukatarsa. Idan suka fashe sai su saki wani sinadari mai launin rawaya, bilirubin, wanda hantar jariri ba ta yi ƙwarin tace shi da sauri ba. Kusan shida cikin goma na jariran da suka cika wata tara, da takwas cikin goma na bakwaini, sukan yi rawaya a makon farko, yawanci daga kwana na biyu ko na uku. Ta kashi sinadarin ke fita, dakashi kuwa shi ke wanke baƙin kashin farko. Ashe abin da ake zubarwa shi ne maganin. Ruwa ba ya fitar da shawara, sai dai ya cika ɗan cikin ya rage tsotso. Kafur kuma, da man zafi mai mentol, suna farfasa jinin jariran da aka haifa da ƙarancin sinadarin G6PD, abin da ya yawaita a Afirka ta Yamma, musamman ga 'ya'ya maza. A ɗaki mai duhu, kan baƙar fata, uwa na iya kwana uku ba ta lura ba.

Maganin asibiti ma daga idon mace ya faro. A 1956 wata ma'aikaciyar jinya, Jean Ward, a asibitin Rochford da ke Ingila, ta lura cewa bakwainin da ta fitar hantsi rawayarsa ta ragu, ban da inda zane ya rufe. Bayan shekara biyu likitoci suka wallafa sakamakon gwajin fitila, daga nan aka samu shuɗin hasken da ake kwantar da jarirai a ƙarƙashinsa. A 2015 wani bincike da aka yi a Legas ya nuna hasken ranar da aka tace da leda ta musamman yana aiki. Shanya jariri a tsirarar rana dabam ne: ƙuna da bushewar jiki yake jawowa, ya kuma cinye lokacin zuwa asibiti.

Zangouettin kanta ta zama tarihi. A 2003 gwamnati ta rushe ta tare da sassan maƙwabtanta, irin su Koulouba da Tiendpalogo, a ƙarƙashin shirin ZACA na gina cibiyar kasuwanci, aka watsa mazaunanta zuwa Ouaga 2000 da Nioko da sauran bayan gari. Gidajen da kaka da gwaggo da ungozoma ke katanga ɗaya suka rabu. Amaryar da ta haihu yau sau da yawa daga ita sai mijinta, an sallame ta daga asibiti tun kafin rawayar ta fito.

Don haka aikin dubawa ya dawo kan iyaye, har da uba. Kowace safiya a fito da jariri bakin ƙofa inda akwai haske, a danna goshi ko hanci da yatsa a saki, a duba farin ido da dasashi. A sa shi a nono cikin sa'ar farko, sannan sau takwas zuwa goma sha biyu a yini da dare, ko da sai an tashe shi. Rawayar da ta fito a ranar haihuwa, ko ta sauko tafin hannu da ƙafa, ko ta zo da ƙin nono, yawan barci, kuka mai tsini ko sanƙarewar wuya, ba ta jiran suna, a kai jariri asibiti nan take, domin idan sinadarin ya hau ƙwaƙwalwa yakan bar kurumta ko shanyewar gaɓoɓi. Wadda ta wuce mako biyu, musamman da farin kashi da fitsari mai duhu, ita ma a kai a duba hanta. Akwai wadda nonon uwa kansa ke jan ta makonni alhali yaro na ƙiba lafiya. Irin wannan yaron ba a yaye shi saboda ita.

Tun 2016 gwamnatin Burkina Faso ta mayar da jinyar yara 'yan ƙasa da shekara biyar kyauta a asibitocinta. Matakin farko shi ne asibitin unguwa, CSPS, wanda ke tura mai tsanani zuwa asibitin Yalgado Ouédraogo ko asibitin yara na Charles de Gaulle.